Kiwon awakin tatsa a ƙaramin gida a Sabha: abin da mai farawa ya kamata ya sani

A Maraɗi ko Katsina, akuya kan ciyar da kanta kusan rabin shekara: ciyawar damina, sannan harawa da karan gona bayan kaka. A Fazzan ba haka abin yake ba. Duk lomar da akuya za ta ci sai an saya ko an noma ta da ruwan rijiya. Wannan bayani na iyalan Hausawa ne mazauna Hajara da sauran unguwannin Sabha, da masu aikin lambu a kewayen birnin, waɗanda ke son ajiye akuya biyu ko uku domin madarar gida ba tare da sun yi asarar guminsu ba.

Inda ake magana

Sabha ita ce babban birnin Fazzan, a kudu maso yammacin Libiya, sama da kilomita 700 daga Tarabulus ta hanyar mota. Hajara na cikin tsofaffin ƙauyuka uku na dausayin, tare da Jadid da Gurda, waɗanda suka haɗe suka zama birnin na yau. Faransa ta riƙe yankin daga 1943 zuwa 1951, shekarar da Libiya ta samu ƴancin kai.

Ruwan sama a nan bai kai milimita 20 ba a shekara bisa matsakaicin lissafi, wata shekarar ma ko ɗigo ba a gani. Noma gaba ɗaya na ban-ruwa ne daga rijiyoyi, a Sabha kanta da kwaruruka irin su Wadi Shati da Wadi Hayat da yankin Murzuƙ. Daga Yuni zuwa Agusta zafin rana kan wuce digiri 40, a Disamba da Janairu kuma sanyin dare kan sauka kusa da sifili. Ga kuma gibli, busasshiyar iska mai zafi da ƙura da ke tasowa daga kudu, musamman a watannin da ke tsakanin sanyi da zafi.

Ma'anar wannan ga makiyayi ita ce babu dajin da za a saki dabba ta koma gida da ƙoshi. Kiwo a Hajara kiwon turke ne. Don haka ba faɗin tsakar gida ke yanke yawan awakin da za a ajiye ba, abin da aljihu zai iya saye na ciyawa da ruwa a kowane wata shi ke yankewa. Awaki biyu masu ƙoshi sun fi shida masu yunwa ba da madara, kuma sun fi su sauƙin jinya.

Wace akuya za a ajiye

Jar akuyar Maraɗi, wadda a Najeriya ake kira jar akuyar Sakkwato, ita ce Bahaushe ya fi sani. Alaƙarta da Fazzan tsohuwa ce, domin jemammiyar fatarta na cikin hajar da ayari ke ɗauka daga Kano zuwa Tarabulus ta Gat da Murzuƙ, har ta isa Turai inda aka san irinta da sunan fatar Maroko, wato maroquin a Faransanci. Hanyar nan ce Heinrich Barth ya bi, ya sauka Murzuƙ a 1850, ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851. A Nijar an kafa cibiyar kiwon awaki ta Maraɗi a 1963 domin tsare wannan iri da yaɗa shi. Jar akuya gajera ce, mace ba ta cika wuce kilo 30 ba. Tana saurin balaga, tana yawan haihuwar tagwaye, tana karɓar barbara a kowane lokaci na shekara, kuma idan ta samu kulawa takan haihu sau uku cikin shekara biyu. Madararta kuwa kimanin rabin lita ce a rana, ta ɗan wuce haka idan ci ya wadata. Akuyar haihuwa da fata ce kafin ta zama ta tatsa.

Doguwar akuyar Sahel, ta Buzaye da Fulani da Tubawa, ta fi jar akuya tsawon ƙafa da jure ƙishi. Danginta ne ake gani a kudancin Libiya a hannun Buzaye da Tubawa, kuma su ne suka fi sabawa da zafin Fazzan. Akwai kuma akuyar ƙasa da ƴan Libiya ke kira Mahali, mai gashi da yawa, wadda ta fi yawa a arewa.

Shami, akuyar Dimashƙa, ita ce ake yabo a kasuwa. Babba ce, mai dogayen kunnuwa da gantsararren hanci, mace takan wuce kilo 50, kuma takan ba da lita biyu zuwa uku a rana. Sai dai wannan adadi na akuyar da ke cin abinci mai kyau ne a cikin inuwa. Shami tana ci kusan ninki biyu na jar akuya, zafi na saurin rage mata madara, kuma barbararta ta fi kamawa daga ƙarshen zafi zuwa farkon sanyi. Wanda ya sayi Shami ya ciyar da ita kamar akuyar ƙauye, ya sayi tsada ne ya tatsi araha.

Ga mai farawa, abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne akuyar yankin da aka shaidi uwarta da madara, ko ruwa-biyu tsakanin ta yankin da Shami. Kuma a fara da biyu. Akuya dabbar garke ce, idan ta zauna ita kaɗai takan yi ta kuka, ta rage ci.

Yadda ake duba akuya kafin a biya

A fara da baki. Akuya ba ta da haƙoran gaba a sama, takwas ne a ƙasa. Ƙananan haƙoran nono sukan fara faɗuwa bayan shekara ɗaya, manya biyu su fito a tsakiya. Manya huɗu na nuna kimanin shekara biyu, shida kimanin uku, takwas kuma huɗu ko fiye. Mai manya huɗu ko shida, wadda ta haihu sau ɗaya ko biyu, ita ce a kan ganiyarta. Wadda haƙoranta suka rarrabu ko suka cinye ta tsufa, ko da kuwa jikinta ya yi kyau.

Sai hantsa. A shafa ta da hannu: ɓangarorin biyu su yi daidai, su yi laushi, babu ƙullutu, babu zafi. Idan akuyar na cikin tatsa, mai saye ya tatsa da kansa. Dillali kan bar hantsa ta kwana ba a taɓa ba don ta cika ido, saboda haka abin da aka tatsa a kasuwa ba shi ne ma'aunin kullum ba. A janye fatar ido ta ƙasa a duba: ja-ja ce alamar lafiya, fari kuma alamar ƙarancin jini. A duba hanci ko akwai majina, ƙarƙashin wutsiya ko akwai alamar zawo, gwiwoyi ko sun kumbura, fata ko akwai ƙazuwa.

Tambaya ɗaya da ba a tsallakewa: ta taɓa yin ɓari? Idan amsar ba ta fito sarai ba, a haƙura da ita, dalilin yana nan gaba. Ya fi kyau a saya a gidan da aka sani a kan kasuwar da dabbobi daga ƙasashe da yawa ke cakuɗuwa. Ko daga ina ta zo, sabuwar akuya ta zauna a ware mako uku zuwa huɗu, da kwanon cinta da na shanta, kafin ta haɗu da na gida.

Lissafin ci da sha

Akuya mai shayarwa na cin busasshen abinci da ya kai kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyin jikinta a rana. Mu ɗauki misalin akuya mai kilo 40 da ke ba da lita ɗaya da rabi. Za ta buƙaci kimanin kilo 1.6 na busasshen abinci: kilo 1.1 na busasshiyar ciyawa da rabin kilo na hatsi da dusa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce giram 300 zuwa 400 na hatsi da dusa a kan kowace litar madara. Ruwa kuma, a watannin zafi, a ƙiyasta mata lita 8 zuwa 10.

Idan irin wannan akuya biyu ce, a wata ɗaya gidan na buƙatar kimanin kilo 66 na busasshiyar ciyawa, kilo 30 na hatsi da dusa, da ruwa kusan lita 500, wato jarka 25 mai cin lita 20. Abin da za su bayar a lokacin da madara ke kan ganiya shi ne lita 90, kuma a watanni biyu na farko rabinsa na ƴaƴansu ne. Kafin a sayi akuya, a je kasuwa a tambayi kuɗin waɗannan abubuwa da dinari, a gwada da kuɗin madarar da gidan ke saye a wata. A tuna kuma akwai wata biyu kafin haihuwa da akuya za ta ci ba tare da an tatse ta ba. Ribar da ke cike wannan giɓi ita ce ƴaƴan da za a sayar ko a yanka, da takin da masu lambu ke nema.

Abincin da ake samu a Fazzan

Abin da harawa take wa akuya a ƙasar Hausa, a nan safsafa ce ke yinsa, wato ciyawar da Faransawa ke kira luzerne. Ana noma ta a lambunan yankin, ana sayar da ita ɗanya a dami-dami ko busasshiya a ɗaure. Tana da sinadarin gina jiki da na ƙashi, abin da mai shayarwa ke buƙata ke nan. Kilo huɗu zuwa biyar na ɗanya ne ke daidai da kilo ɗaya na busasshiya. Haɗarinta ɗaya ne: ɗanya shataf, musamman mai raɓa ko wadda aka tara ta yi zafi, tana kumbura ciki. A baza ta a inuwa ta yi yaushi na wasu sa'o'i, kuma a fara ba da busasshen abu da safe kafin ɗanye. Mai aiki a lambu da ya samu iznin mai gona zai iya ware ƴan fangaloli: shuka ɗaya takan yi shekaru, a lokacin zafi ana yanka ta duk bayan mako uku zuwa huɗu.

Sha'ir da dusar alkama su ne hatsin dabbobi a Libiya, a madadin dusar gero da ta dawa. Tattakar sha'ir da ta alkama na cika ciki amma ba ta kawo madara, sai an haɗa da safsafa. Dabinon da bai kai na kasuwa ba abinci ne mai ƙarfi, ƙwallonsa ma ana jiƙawa a daka a gauraya da dusa, amma tafin hannu ɗaya ko biyu a rana ya isa. Ƴaƴan itacen talha, wanda a Nijar ake kira kandili, akuya na son su kamar yadda take son na gawo. Ganyen kayan lambu da ɓawon wake da ragowar dafa abinci suna taimakawa idan ba su ruɓe ba.

Busasshen burodi abu ne da ake samu da yawa a biranen Libiya, kuma gidaje da dama na ciyar da dabbobi da shi. A ba da kaɗan, a busar da shi sarai, a zubar da duk wanda ya yi fumfuna. Akuyar da ta samu buhun burodi ko na sha'ir ko na dabino a buɗe ta ci son ranta, tumbinta kan yi tsami, ta daina tuƙa, ta yi zawo, wani lokaci ta mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Duk sabon abinci a shigar da shi a hankali cikin mako ɗaya zuwa kwana goma.

Gishiri ya kasance a gabanta kullum, ko kantun Bilma da aka saba da shi ko dutsen lasa na shagon magungunan dabbobi. Abubuwa biyu kuma a nisantar da su: leda, wadda ke taruwa a tumbi har akuya ta rame tana ci, da shukar ado mai furanni ja ko fari da Larabawa ke kira difla, wadda ƴan ganyenta kaɗan na iya kashe dabba.

Ruwan sha ya zama mai tsabta, a inuwa. Ruwan da ya wuni a tankin ƙarfe cikin rana akuya ba ta shansa da yawa, kuma wadda ba ta sha ba ba ta kawo madara. Tun da ɗaukewar wutar lantarki da ƙarancin mai kan tsayar da famfunan rijiya a Sabha, gidan da ke da awaki ya ajiye ruwan kwana uku a gefe.

Wurin kwana

Kowace uwa na buƙatar murabba'in mita ɗaya da rabi zuwa biyu a ƙarƙashin rufi, da ɗan fili na motsa jiki. Rufin kwano zalla tanda ne a watan Yuli. A ɗaga shi sama, a shimfiɗa masa ganyen dabino, a bar gefe biyu a buɗe don iska ta ratsa. Da sanyi kuma a toshe ɓangaren da iska ke bugowa, a zuba tattaka a ƙasa saboda ƙanana.

Komin abinci ya ɗaga daga ƙasa, domin akuya ba ta cin abin da ta taka, kuma a Fazzan ciyawar da ta zube kuɗi ne ya zube. A share kashi kullum a tara shi nesa da wurin tatsa. Akuyar turke ba ta tafiyar da za ta cinye mata kofato, don haka a datse shi duk bayan wata biyu. Mai zaman haya ya nemi yardar mai gida tun kafin ya kawo dabba, ya kuma tabbatar ƙofa na rufuwa: akuyar da ta shiga lambun maƙwabci na iya jawo wa baƙo rigimar da ta fi kuɗinta.

Barbara da haihuwa

Ba a ba burguma bunsuru sai ta kai kimanin kashi biyu cikin uku na girman uwarta, galibi daga wata 8 zuwa shekara. Wadda ta ɗauki ciki da wuri takan tsumbure. Neman bunsuru na dawowa duk bayan kwana 21, ya ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu. Alamominsa su ne yawan kuka, kaɗa wutsiya, raguwar ci da ta madara. Ciki kuma wata biyar ne, kimanin kwana 150.

Mai awaki biyu ba ya buƙatar bunsuru, tun da guda ɗaya ya ishi mata 20 zuwa 30. Aro ya fi, amma daga garken da aka san ba a ɓari a cikinsa. Barbarar Satumba ko Oktoba na kawo haihuwa a Fabrairu ko Maris, bayan tsananin sanyi kuma kafin tsananin zafi. Idan aka raba lokacin awakin biyu da wata uku ko huɗu, gida ba zai yanke da madara gaba ɗaya ba.

A daina tatsa wata biyu kafin haihuwa. A makonni shida na ƙarshe ɗan da ke ciki ya fi girma, tumbi kuma ya matse, sai a ƙara hatsi kaɗan-kaɗan. Mai ɗauke da tagwaye da ta daina ci a wannan lokaci, tana kwanciya tana tangaɗi, a kira likitan dabbobi a ranar, domin ƙarfin jikinta ne ke ƙarewa.

Yawancin awaki na haihuwa da kansu. Idan ta yi nishi mai ƙarfi na rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya ba abin da ya fito, a nemi wanda ya iya. Da ɗan ya faɗo a share masa hanci, a tsoma cibiyarsa a aidin, a tabbatar ya sha dakashi cikin sa'o'i biyu na farko, domin a nan yake samun kariya daga cututtuka. Kwana huɗu zuwa biyar na farko nonon duka nasa ne. Bayan mako biyu ana iya raba shi da uwar da dare, a tatsa da safe, ya wuni da ita. Yaye daga wata biyu zuwa uku, idan ya riga ya iya cin ciyawa da dusa. Mazan da ba za a bari don iri ba a fiɗiye su tun suna ƙanana.

Tatsa da ajiyar madara

A tatsa a lokaci ɗaya kullum, a wuri mai tsabta, nesa da bunsuru, domin madara na ɗaukar warinsa. A wanke hannu da sabulu, a goge hantsa da tsumma mai tsabta, a tsiyaya tsirtuwa biyu ko uku na farko a wani baƙin kwano a duba. Gudaji ko jini ko ruwa-ruwa alamar ciwon hantsa ne. Irin wannan akuya ita ake tatsa a ƙarshe, kuma ba a shan madararta. A matse kan nono daga sama zuwa ƙasa, kada a ja, kuma a tatse ƙarƙaf. Bayan an gama a ba ta abinci don ta zauna a tsaye, domin ƙofar kan nono na ɗaukar kusan rabin sa'a kafin ta rufe.

A tace madarar, a ɗora a wuta nan take har ta tafasa. Mai ma'aunin zafi zai iya tsayar da ita a digiri 63 na minti 30. A zafin Sabha, ɗanyar madara na juyawa cikin sa'o'i kaɗan, firiji kuma ba abin dogaro ba ne idan wuta na ɗaukewa. Abin da ba a sha a ranar ba, a mayar da shi kindirmo bayan an tafasa ya huce, ko a yi cuku irin na Buzaye a shanya. Idan an yi wa akuya allurar kashe ƙwayoyin cuta ko an ba ta maganin tsutsa, a karanta kwanakin da aka hana shan madararta a jikin kwalbar, a zubar har su cika.

Madarar akuya abinci ce mai kyau ga yara da manya, amma ba ta maye gurbin nonon uwa. Jaririn da bai kai wata 6 ba ba a ba shi ita. Bayan haka ma a haɗa da sauran abinci, domin tana da ƙarancin sinadaran da ke gina jini.

Cututtukan da suka fi haɗari

Ta farko ita ce wadda ke kama mutum. Ana kiran ta brucellose, ko zazzaɓin Malta. Likitan sojan Ingila David Bruce ne ya gano ƙwayarta a tsibirin Malta a 1887, sannan a 1905 likitan Malta Themistocles Zammit ya nuna cewa ta madarar awaki take shiga jikin mutane. Cutar na nan a garkunan Libiya da na Sahel. Akuya mai ɗauke da ita takan yi ɓari a watannin ƙarshe, bayan haka ta koma kamar lafiyayya tana zubar da ƙwayar a madara. A jikin mutum tana kawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, zufar dare, ciwon gaɓoɓi da baya, har a yi watanni ana shan maganin zazzaɓin cizon sauro ba sauƙi. Tafasa madara na kashe ƙwayar. Ɗan ɓari da mabiyiya ba a taɓa su da hannu tsirara: a sa safar roba ko leda, a binne su da zurfi, a ware akuyar, a nemi gwajin jini. Mace mai ciki ta nisanci wurin. Wanda ke da irin wannan zazzaɓi ya faɗa wa likita cewa akwai awaki a gidansa.

Ta biyu ita ce annobar ƙananan dabbobi, PPR a taƙaice, wadda aka fara bayyanawa a Côte d'Ivoire a 1942. Alamominta zazzaɓi, majina da kwantsa, gyambo a baki, zawo mai wari da tari, kuma tana iya share garke cikin kwanaki. Ba ta kama mutum, ba ta da magani, amma allurar rigakafi ɗaya na karewa aƙalla shekara uku. A 2015, a Abidjan, hukumar FAO da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya suka tsayar da shirin kawar da ita nan da 2030. A Libiya cibiyar lafiyar dabbobi ta ƙasa ce ke kula da rigakafi, don haka a tambayi ofishin likitan dabbobi na yanki lokacin da ake yi.

Awakin da ke cin hatsi da yawa suna kuma buƙatar rigakafin gubar hanji, entérotoxémie, wadda ke kashe mafi ƙiba farat ɗaya. Idan aka yi wa uwa makonni kaɗan kafin haihuwa, ƴaƴanta ma na samun kariya ta dakashi. Tsutsar ciki ba ta kai ta ƙasashen damina yawa ba a busasshen turke, don haka ba a ɗura magani sai an ga alama. Ƙwarƙwata da ƙazuwa kuwa sun fi tashi da sanyi, lokacin da dabbobi ke cunkushewa. Ma'aunin zafi abu ne mai araha da ya kamata kowane gida ya mallaka: lafiyayyar akuya na tsakanin digiri 38.5 da 40, kuma wadda ta daina ci da tuƙa na wuni guda ba ta da lafiya ko ma'aunin bai nuna ba.

Dabba da iyaka

Hanyar Agadas zuwa Dirku, Madama, Tummo da Gatrun har Sabha hanyar dabbobi ce kamar yadda take ta mutane, kuma wani kan yi sha'awar kawo jar akuya daga gida. Kwanaki a bayan mota cikin zafi da ƙishi na sa mai ciki ɓari, na kuma tayar da cutar da ke kwance. Cututtukan dabbobi ta irin wannan hanya suke tsallaka ƙasashe, ciki har da zazzaɓin Rift da ya kashe mutane da dabbobi a jihar Tawa a 2016. Shiga wata ƙasa da dabba na buƙatar takardar lafiya daga ma'aikatar kiwo, kuma wadda ba ta da ita ana iya ƙwacewa.

Mai zaman ci-rani ya yi tunanin ranar komawa gida tun ranar da zai sayi akuya. Garke ƙarami ya fi sauƙin sayarwa cikin gaggawa. Wanda zai yi tafiyar watanni zai iya bin tsarin habbanaye na Fulani, wanda aka daɗe ana amfani da shi a Nijar: a ba amintacce uwar ya riƙe, ya sha madara, ya ɗauki ƴaƴan da aka yi yarjejeniya a kansu, uwar ta koma ga mai ita. A yi maganar a gaban shaidu, a faɗi wanda zai biya ciyawa da magani, da abin da za a yi idan ta mutu. A miƙa masa kuma ɗan littafin da aka rubuta ranar barbara, ranar haihuwa, ranar rigakafi da litocin da take bayarwa. Littafin nan shi ne zai nuna, bayan shekara, wace akuya ce ta biya kuɗin cinta, wace ce kuma ta cancanci kasuwa kafin Babbar Sallah.